Shin zafi na cinye abin da ke cikin kwamfuta? Fashin baƙi ga masu komawa gida a Sudan

Tun da jama'a suka fara komawa Wad Madani da Khartum a 2025, akwai tambayar da ke yawan zuwa gaban masu gyaran kwamfuta, tana kuma yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan'uwa daga Mai Wurno har Gadarif da Kasala. Laftof ɗin da aka bari a ɗaki a kulle tun 2023, ko filashin da aka tura ƙasan akwati aka fita da gaggawa, abin da ke ciki yana nan kuwa? Masu wannan tambaya ma su ne masu rabo, domin da yawa sun koma sun tarar an kwashe komai. Wanda kuwa ya samu kayansa, amsa biyu yake ji. Wani ya ce masa zafin Sudan ya riga ya ƙone komai, kada ya wahalar da kansa. Wani ya ce ai abin da ba a kunna ba ba ya lalacewa, ya jona wuta kawai ya ci gaba da aiki.

Duka biyun akwai gyara, kuma ta biyun ta fi haɗari, saboda ita ke sa mutum ya ɓata da hannunsa abin da ya tsira daga yaƙi. A cikin waɗannan na'urori akwai hoton takardar fili, da shaidar kammala karatu, da kundin binciken ɗalibi, da lissafin bashin shago, da karatun malaman da aka naɗa, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ke rikita mutane shi ne, zafin da na'ura ke sha tana aiki daban, wanda take sha tana ajiye daban, kuma ma'adanar da ke cikinta ba iri ɗaya ba ce.

Ma'adana iri biyu ce

Ta farko ita ce faifai mai juyawa, wanda masu gyara ke kira had-disk. Kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a 1956. A cikinsa akwai faifai mai rufin maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan kai da ke shawagi a samansa yana rubutu yana karatu ba tare da ya taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu 'yan nanomita ce, ƙwayar ƙura guda ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Saboda haka babban abokin gabarsa shi ne jijjiga da faɗuwa, musamman yana cikin juyawa. Yawancin kamfanoni sukan rubuta cewa iyakar zafin da zai yi aiki a ciki digiri 55 ne ko 60 a ma'aunin salshiyas.

Ta biyu ita ce SSD, da danginta: filashi, da memori, da ma'adanar cikin waya. Nan babu abin da ke motsi. Bayanan suna zaune ne a matsayin ɗan cajin lantarki da aka kulle cikin ƙananan ɗakuna masu ɗimbin yawa, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. Ba ta tsoron jijjiga, ta fi sauri ƙwarai, kuma mafi yawan wadda ake sayar wa jama'a an ƙayyade mata aiki har zuwa digiri 70. Wannan ne ya sa ake cewa SSD ba ta mutuwa. Tana mutuwa, kuma sau da yawa ba ta sallama: jiya lafiya lau, yau kwamfuta ba ta ganinta.

Me ya sa kwamfuta ke yin nauyi da tsakar rana?

Duk mai shagon buga takardu ya san wannan. Da safe aiki na gudu, da an yi azahar sai kwafin fayil ɗaya ya ɗauki lokacin da a da ake kwafe goma. Nan take a ce bairos ne, a yi fomat, gobe da azahar abin ya dawo.

Sau da yawa na'urar ce ke kare kanta. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, idan ya kusa digiri 100 yakan rage gudu da kansa, idan abin ya ci tura ya kashe kwamfutar baki ɗaya. SSD ma haka take, musamman siririyar nan da ake kira NVMe, mai faɗin milimita 22 da tsawon 80, wadda ake maƙalawa a jikin babban allon lantarkin da ke cikin kwamfuta inda iska ba ta cika ratsawa ba. Da zafinta ya haura wajen 70 zuwa 80 sai ta sassauta. Wannan sassautawa ba lalacewa ba ce, kuma ba ta goge komai. Saƙo ne cewa zafin da ake haifarwa a ciki ya fi wanda ke fita.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take jawowa ta ratsa da ita ta kan ƙarfe mai zafi. A Khartum cikin Mayu da Yuni zafin rana yakan haura digiri 40 kusan kullum, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi waje. Kenan na'urar da aka gwada a ɗaki mai digiri 25 tana fara aiki a wurinmu da bashin digiri 15 ko fiye, kafin ma a buɗe manhaja ko ɗaya. Sai habub, guguwar ƙurar nan, ta zo ta cika ƙofofin iska da ƙura. Wanda ya taɓa buɗe laftof da ya shekara biyu ba a share ba ya ga yadda ƙurar ke dunƙulewa a bakin mafitar iska ta toshe ta ruf, fanka na ta ihu amma ba abin da ke fita.

Gardamar da ke tsakanin masana

Akwai masu cewa an cika kambama batun zafi, kuma suna da hujja. A 2007 injiniyoyin Google suka wallafa binciken da suka yi a kan faifai masu juyawa sama da 100,000, suka tarar cewa a matsakaicin yanayi alaƙar zafi da mutuwar faifai ba ta kai yadda ake zato ba. Gaskiya ne. Sai dai duk mai kafa hujja da wannan bincike ya tuna a ina aka yi shi: ɗakuna masu na'urar sanyaya iska da wuta marar yankewa. Kuma ko a can, faifan da suka manyanta sun fi mutuwa idan zafinsu ya haura digiri 45. Abin da yake ƙarshen ma'auni a wurinsu, a Sinnar ko Damazin shi ne ranar aiki ta yau da kullum. A ganina, binciken ya nuna cewa ba sai an daskarar da faifai ba, amma bai ba kowa lasisin barinsa yana gasuwa ba.

Wani binciken na 2016, na masana daga jami'ar Rutgers da kamfanin Microsoft, ya ƙara wani abu: laimar iska ta fi zafi illa ga faifai, domin tana cin mahaɗan lantarkin da ke jikin allonsa. Wannan ya shafi duk wanda ya koma Bur Sudan da zama, inda iskar Bahar Maliya ke ɗauke da laima da gishiri. Ya kuma shafi masu mukayyif na ruwa, na'urar sanyaya ɗaki da ta cika gidajenmu. Ɗakin da yake sanyayawa yana da amfani ga kwamfuta, amma a daina ajiye ta daf da bakinsa tana shaƙar danshi kai tsaye.

Zafin ajiya, inda aka fi yin kuskure

A nan ne tambayar masu komawa gida take. Faifai mai juyawa idan yana ajiye, rubutun maganaɗisun da ke kansa yakan daɗe shekaru. Abin da ke tsufa shi ne sassa masu motsi: man da ke cikin injinsa, da ɗan kan nan da kan iya maƙalewa, da allon da laima ta ci. Galibi bayanan suna nan, hanyar isa gare su ce ke iya samun matsala.

SSD da filashi kuwa akasin haka ne. Cajin da ke cikin ɗakunan nan yana tsiyaya a hankali, kamar ruwa a sabuwar randa: ba ta fashe ba, ba wanda ya ɗiba, amma kullum yana raguwa, kuma ranar zafi ya fi saurin tafiya. Ƙungiyar JEDEC, wadda ke tsara ƙa'idojin waɗannan kayayyaki, ta gindaya cewa SSD ta jama'a da ta cinye adadin rubutun da aka ƙayyade mata dole ta riƙe bayanai shekara guda ba wuta, idan an ajiye ta a digiri 30. Lissafin da ke bayan ƙa'idar ya nuna cewa duk ƙarin digiri 5 yana rage wannan wa'adi da kusan rabi. Sai mutum ya auna ɗakin da aka kulle ƙofa da taga, rufin kwano a sama, ya ga bazara biyu.

Kada wannan ya tayar da hankali fiye da kima. Wa'adin shekara guda na SSD ce da ta gaji da rubutu. Sabuwa, ko wadda ba a wahalar ba, tana riƙewa fiye da haka sosai, kuma da yawa za su kunna nasu su tarar komai lafiya. Waɗanda na fi ji wa tsoro su ne filashi da memori masu arha, da tsohuwar SSD ta hannu da aka saya ba a san tarihinta ba. Kuma lalacewar irin wannan ba ta zuwa gaba ɗaya. Sunayen fayiloli suna nan reras, sai an buɗe hoto a ga rabinsa toka-toka, ko sauti ya tsaya a tsakiyar karatu. Shi ya sa ganin jerin sunaye ba shaida ba ce. Jona ta a wuta na minti biyar ma bai wadatar ba. Abin da ke da tabbas shi ne a kwafe komai zuwa wani wuri, a buɗe muhimman a gani da ido, sannan a sake rubuta su sabo.

Idan ka tarar da na'urarka, ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa

Fara da batir. Idan ka ga laftof ya kumbura, ko madannai sun ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, kada ka jona caja kuma kada ka huda batirin, yana iya kamawa da wuta. A cire shi tukuna. Na'urar da aka ɗauko daga zafi a bar ta ta huce a inuwa, a kaɗe ƙurar kafin a kunna.

Idan ta kunnu tana nuna kwanan wata na shekarun baya, ko ta ce ba ta ga inda za ta tashi ba, sau da yawa ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo da ke jikin allon lantarkin cikin kwamfuta ya mutu, saitin ya koma na asali. Ana canza shi da kuɗi kaɗan. An sha yanke wa faifai lafiyayye hukuncin mutuwa a kan wannan.

Idan kuwa faifai mai juyawa ya fara ƙas-ƙas-ƙas, ko yana yunƙurin juyawa yana tsayawa, kashe shi nan take. Kowace kunnawa na iya sa kan ya karce faifan, kuma wurin da aka karce ya tafi kenan. Akwai shawarar da ke yawo cewa a saka shi a firiza ya kwana. Da an fito da shi cikin iskarmu mai zafi raɓa za ta kwanta a kansa ciki da waje, garin neman gira a rasa ido. Haka nan buɗe murfinsa a kan teburin shago: faifan da aka buɗe a iska mai ƙura da wuya ya sake amintuwa.

Wani tarkon shi ne saƙon Windows da ke cewa sai an yi fomat kafin a yi amfani da ma'adanar. A ce a'a. Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara da gyara. Yakan fara ɗaukar kwafin ma'adanar ɗungurungum zuwa wata lafiyayya, da manhaja irin su ddrescue, wadda ke kwashe wurare masu kyau tukuna ta koma kan masu wuya daga baya. A kan kwafin ake gwaje-gwaje da manhajojin ceto fayiloli irin su PhotoRec, kuma abin da aka ceto ba a mayar da shi kan ma'adanar da ake ceto daga gare ta. Ka tambayi mai gyara yadda zai fara. Idan amsarsa ita ce zai sauke sabon Windows ya gani, karɓi kayanka cikin mutunci. Sannan kafin a zare ma'adana daga laftof na zamani a bincika ko an kulle ta da BitLocker, makullin bayanai na Windows, domin in haka ne sai da mabuɗin da galibi ke cikin asusun Microsoft na mai ita.

Gano inda zafin yake fitowa

Ga na'urar da ke aiki yau da gobe, taɓawa da hannu ba awo ba ne. Ma'adana tana da tsarin lura da lafiyar kanta da ake kira SMART, kuma manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna zafinta da sa'o'in da ta yi aiki da gargaɗi idan akwai. A duba da safe, a sake dubawa da azahar ana tsakiyar aiki. Faifai mai juyawa da ke zama sama da digiri 50, ko SSD da ke taɓa 70 a kai a kai, yana neman a yi wani abu.

A kan faifai mai juyawa, lambobin da suka fi zafi muhimmanci a jerin SMART su ne na 5 da 197 da 198, masu ƙirga gurabun da suka lalace ko ake shakkarsu. Idan suka bar sifili suna hawa, a kwashe kaya. Binciken Google ɗin nan ya gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a binciken samansa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma ya kuma gano cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ba sam. Don haka gargaɗi abin gaskatawa ne, rashinsa kuwa ba lamuni ba ne.

Maganin kansa ba shi da tsada. Laftof ya sauka daga kan katifa da darduma da cinya, ya hau abu mai tauri, a ɗan ɗaga bayansa iska ta shiga. A busa ƙura da bulowa kafin lokacin habub da bayansa, a riƙe fankar da yatsa ko tsinke kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta. Man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen da ke janye zafi yakan bushe bayan 'yan shekaru, a sa a canza. NVMe tana da ɗan ƙarfen sanyaya da ake ɗaura mata idan akwai wuri. Babban kwafi a bar shi sai dare ko bayan asuba. Masu kyamarar tsaro a shago kuma su fito da akwatin naɗin daga cikin durowar da suke kulle shi, domin faifansa dare da rana yake juyawa. Sannan kwamfuta ta yi nesa da inbata da batiran sola, su ma zafi suke fitarwa.

Wuta na kashe abin da ake ɗora wa zafi

Hare-haren jirage marasa matuƙa a kan tashar wutar lantarki ta madatsar ruwan Marawi a 2025 sun jefa garuruwa da dama cikin duhu, kuma mutane da yawa yanzu a kan janareta da sola suke. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya rikita taswirar da SSD ke gane inda ta ajiye komai da ita, dawowarta da ƙarfi kuma na iya ƙone allon faifai. Laftof mai batir lafiyayye yana da kariya daga ɗaukewa. Kwamfutar tebur kuwa tana buƙatar UPS, akwatin batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke, ko da mai riƙe minti goma ne, a samu a kashe ta yadda ya kamata. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi duka ba, ni dai zan ce ya fara da wannan kafin fankar ƙarƙashin laftof.

To wanne za a saya, kuma kwafi nawa?

Na aikin kullum da tafiya a mota kan hanya mai gargada, SSD ta fi. Na ajiyar da za a rufe a manta shekara ɗaya ko biyu, faifai mai juyawa ya fi dacewa kuma ya fi arha a kowane gigabait, muddin an naɗe shi daga ƙura aka sa shi can ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi. Filashi na kai saƙo ne daga wannan na'ura zuwa waccan, bai kamata a ba shi amanar abin da ba shi da na biyu ba.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga mai ƙaramin ƙarfi a yau, ba sai ya kwafe komai ba. Takardu da hotunan da ba su da madadi ba su cika yawa ba, kuma Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta. Sai dai katsewar intanet ta Fabrairun 2024 ta nuna cewa ajiyar intanet ita kaɗai ba ta isa ba, kuma Google na iya share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Wanda ya rasa layin wayar da ya buɗe asusu da shi ya gaggauta sa wata lambar ko wani imel na ceto tun yana iya shiga. Kwafi na uku kuma ya tafi hannun ɗan'uwa amintacce a wani gari, ko Jidda, ko Kano.

A kula da jabun filashi da memori, waɗanda aka rubuta wa girman da ba su da shi. Suna karɓar fayil ba musu, amma da an wuce ainihin girmansu sai abin da aka zuba ya lalace ba tare da wani gargaɗi ba. Kafin a ɗora wa sabon filashi wani abu mai muhimmanci, a gwada shi yana fanko da manhajar H2testw, wadda ke cika shi taf ta sake karantawa ta faɗi ainihin abin da yake iya ɗauka. Gwajin na iya cin sa'o'i idan filashin babba ne, don haka a yi shi da dare, a kan laftof mai cikakken caji.